Da ɗan gari akan zana gari

Ɗan yayata ne ya kira ni wani dare bayan sallar isha'i, muryarsa kamar ta wanda aka yanke wa aljihu a kasuwa. Ya shafe mako uku yana haɗa wani ɗan shafin intanet da zai riƙa nuna wa mutanen Kontagora inda masu cika tukunyar gas suke, da masu gyaran waya, da shagunan magani masu kaiwa dare, da burin nan gaba ya ƙara da kai wa mutane saƙo har ƙofar gida. Ya bi wurare kusan arba'in da ƙafarsa, ya ɗauki lambobin GPS ɗinsu da waya, ya zuba su cikin fayil, ya buɗe taswira. Ga gari nan shimfiɗe, ga babban titin da ya taso daga Mokwa ya nufi Yawuri, amma alamarsa ko ɗaya babu. Sai da ya yi ta ja da taswirar baya har Najeriya ta koma kamar tafin hannu, sannan ya hango su, duk arba'in ɗin, sun yi cincirindo a ƙasar Kamaru, a wani gari da ake kira Bafoussam.

"Kawu, an yi mini kutse," in ji shi.

Babu wanda ya yi masa kutse. Kowane wuri a doron ƙasa lamba biyu ke nuna shi, ɗaya ta nisansa arewa ko kudu, ɗaya ta nisansa gabas ko yamma. Kontagora tana wajen digiri 10.4 arewa, digiri 5.5 gabas. Bafoussam kuwa, cikin ikon Allah, tana wajen 5.5 arewa, 10.4 gabas. Tsarin fayil ɗin da ya zuba bayanan a ciki, wanda ake kira GeoJSON, lambar gabas yake so a fara rubutawa. Leaflet, wato kayan aikin da ke nuna taswirar a shafi, in za ka kafa masa alama da hannu ta arewa yake so a gaba. Yaron ya saba da na biyun, ya rubuta na farkon da wannan sabon. Cikin minti biyu muka dawo da masu gas ɗinsa gida.

Abin da ya biyo baya shi ne bai gyaru a minti biyu ba. Alamomin sun zauna a inda ya kamata, amma layukan unguwa da ke ƙarƙashinsu da yawa ba su da suna, wani lungu da kowa ke bi babu shi sam, wani fili kuma da aka daɗe da ginewa yana nan fetal. Sai ya tambaye ni wane ofishi zai rubuta wa su zo su gyara. Wannan tambayar ce ta sa na zauna rubuta muku wannan, ku ƙannena da 'ya'yana masu koyon haɗa manhaja, maza da mata, domin na lura yawancinku kuna ɗora taswirar nan a kan ayyukanku ba ku san ta wace ce ba.

Sunanta OpenStreetMap. Wani Baturen Ingila mai suna Steve Coast ne ya fara ta a 2004. A lokacin hukumar safiyo ta ƙasarsu tana da taswirori masu kyau ƙwarai, amma mai son amfani da su sai ya biya, a kuma gindaya masa sharuɗɗa. Shi ne ya ce to mutane su zana tasu. Aka riƙa yawo a kan keke da na'urar GPS ana ɗaukar sawun tituna, daga baya aka samu izinin kwafar zane daga hotunan tauraron ɗan'adam. Yau waɗanda suka yi rajista sun haura miliyan 10, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu ke zane a kai a kai. Akwai gidauniya a Ingila da ke riƙe da kwamfutocin da bayanan ke ciki, amma ba ita ke zana taswirar ba, ba ta kuma da ma'aikacin da za ta turo Kontagora. Wanda ya tashi a ƙauye zai gane tsarin nan da nan: gayya ce. Kowa ya zo da fartanyarsa, ya kama kunya. Kunyar da babu wanda ya kama, tana nan da ciyawarta har ranar da wani zai sunkuya.

A ƙasashe irin namu, gayyar ta fi taruwa idan masifa ta auku. Da girgizar ƙasa ta rushe babban birnin Haiti a Janairun 2010, masu aikin sa kai daga ko'ina a duniya suka zana titunansa cikin 'yan kwanaki, masu agaji suka yi aiki da su. (Da na ce masu aikin sa kai, kada hankalinku ya tafi ga 'yan sa-kai namu masu bindigar toka, waɗannan linzamin kwamfuta ne makaminsu.) Haka aka yi a 2014 lokacin Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo. Mu ma nan Arewa mun ga irinsa a yaƙi da shan inna, lokacin da aka gane cewa taswirorin da ma'aikatan rigakafi ke zanawa da hannu suna tsallake rugage da tungaye, aka koma amfani da hotunan sama da GPS, da hannun ƙungiyoyi irin su eHealth Africa da ke Kano. Duk wannan alheri ne. Sai dai wanda ke zaune a Jamus yana kallon hoton sama, rufin kwano yake gani. Bai san ko masallaci ne ko shagon siminti ba, bai san sunan layin ba, bai san cewa farin zaren da ya ɗauka hanya ce rafi ne da ya ƙafe da rani ba.

Na san wani zai ce, duk wannan wahalar ta mece ce, ga Google Maps? Ba na kushe ta. A wurare da dama ta fi sanin shaguna. Amma aro take ba ka, da sharaɗin ba za ka kwashe bayanan ka ajiye a rumbunka ba, ba za ka kuma sarrafa su yadda ka so ba. A 2018 kamfanin ya sauya farashi, ya rage abin da yake bayarwa kyauta ƙwarai, ya kuma ce sai an ɗaura katin banki. Masu ƙananan shafuka da yawa a duniya suka wayi gari taswirarsu ta yi duhu. Mu da kuɗin shigarmu naira ne, lissafin kuma dala, ga katinmu da ya sha ƙin aiki a sayayyar ƙetare, ai ba ma buƙatar dogon wa'azi a kan wannan. OpenStreetMap kuwa kayan da kansu take ba ka: kowane ɗigo, kowane layi, da laƙabin da aka manna masa mai cewa wannan titi ne, wannan rijiya ce, wannan asibiti ne. Kana iya sauke su, ka tace, ka rina su da launin da ka so, har ka ci kasuwa da su.

To a nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Ruwan rijiyar gari kyauta ne, amma guga da igiya na wani ne. Taswirar da kake gani a shafi ba hoto ɗaya ba ne, ƙananan hotuna ne murabba'i da aka jera kamar tayil ɗin daɓen ɗaki. A mataki na farko, wato na sifiri, duk duniya tayil ɗaya ce. Duk matakin da ka ƙara matsowa sai yawansu ya ninka sau huɗu, da an kai mataki na 10 sun haura miliyan ɗaya, ga shi lungun unguwa ba ya fitowa sosai sai wajen mataki na 17 ko 18. Kowane tayil akwai kwamfutar da ta zana shi, ta turo shi, kuma kwamfutocin gidauniyar da kuɗin taimako suke aiki. Darussan da kuke kwafa daga intanet kusan duka adireshin waɗannan kwamfutocin suke sakawa, domin shi ne mafi sauƙi. Don koyo, ko don ɗan shafi mai baƙi kaɗan, babu laifi. Amma ƙa'idarsu a rubuce take: ba a yarda ka kwashe tayil da yawa don ajiya ba, dole manhajarka ta bayyana ko ita wace ce, ba su yi maka alkawarin aiki kullum ba, kuma in ka matsa musu za su toshe ka ba tare da sallama ba. Haka ma Nominatim, mai nemo wuri idan an rubuta sunansa: tambaya ɗaya a daƙiƙa ita ce iyaka, kuma an hana irin akwatin binciken nan mai aika tambaya duk harafin da mutum ya danna. Overpass, wanda ake tambaya a ce kawo mini duk shagunan magani da ke cikin wannan yanki, shi ma na jama'a ne. Na ga shafin da ke aika masa tambaya iri ɗaya duk lokacin da baƙo ya shigo, alhali amsar ba ta sauyawa a mako. Tambaye shi sau ɗaya, ka ajiye amsar a fayil.

In aikinka ya fara girma, nemi gugarka. Wani kamfani a Jamus mai suna Geofabrik yana fitar da bayanan Najeriya kaf a fayil guda, yana sabunta shi kullum, kyauta. Ka sauke, ka yanko Kontagora da kewayenta, ko masarautar baki ɗaya har Rijau da Mariga da Magama da Mashegu da Wushishi, abin ba zai yi nauyi ba. Akwai tsarin PMTiles da ke dunƙule tayil ɗin yanki a fayil ɗaya da za ka ɗora a inda shafinka yake, ka nuna shi da MapLibre. In kuma ba ka son wannan ɗawainiyar, kamfanoni irin su MapTiler da Stadia Maps suna zana tayil daga bayanan nan, suna da kason kyauta ga ƙananan ayyuka. Karanta sharuɗɗansu kafin ka fara karɓar kuɗi. Leaflet, wanda wani ɗan ƙasar Yukiren, Volodymyr Agafonkin, ya fitar a 2011, nauyinsa bai wuce kilobayit arba'in da 'yan kai ba, shi ya sa nake yawan cewa a fara da shi. Ko wanne ka zaɓa, kada ka gwada aikinka a kwamfutarka kaɗai. Ari wayar mai kabu-kabun unguwarku, wadda gilashinta ya tsage, ka fita bayan gari inda sabis ke rawa, ka buɗe shafin da datar da ta kusa ƙarewa. Abin da ka gani a nan shi ne manhajarka. Ka kuma tuna burauza ba za ta ba shafinka inda mutum yake ba sai adireshin yana kan HTTPS, kuma sai mai wayar ya yarda.

Yanzu maganar amana. Tun Satumban 2012 bayanan suna ƙarƙashin wani lasisi da ake kira ODbL. Abin da ya nema bai taka kara ya karya ba. Na farko, ka rubuta a jikin taswirar, inda ido zai gani, cewa bayanan na masu ba da gudummawa ga OpenStreetMap ne. Wannan ɗan rubutun na kusurwar ƙasa shi ne abin da samarinmu suka fi saurin gogewa, wai yana ɓata kwalliyar shafi. Mutum ya yi maka noma bai karɓi ko sisi ba, bai ci tuwon gayya ba, abin da ya roƙa kawai a ambaci sunansa, kai kuma ka ce sunan yana ɓata maka ado. Ban san abin da za a kira wannan ba in ba butulci ba. Na biyu, idan ka ɗauki bayanan ka gyara su ko ka cakuɗa su da naka har suka zama rumbu ɗaya, sannan ka fito da shi ga jama'a, to wannan rumbun ma dole ka sake shi da irin lasisin. Saboda haka tun daga ranar farko ka ware: taswira a gefe, jerin abokan cinikinka da farashinka a wani rumbun daban, ka riƙa ɗora su a sama kawai kamar yadda ake shimfiɗa darduma a kan tabarma.

Amanar tana da ɗaya fuskar. Kada ka buɗe Google Maps a taga ɗaya, OpenStreetMap a ɗaya tagar, ka riƙa kwafar sunayen tituna kana zubawa. An hana, domin kayan wani ne, kuma masu buga taswira sun daɗe da dabarar saka titin ƙarya don kama mai kwafa. In aka gano, za a share duk abin da ka sa, har da na gaskiyar da ya cakuɗu da shi. Abin da idonka ya gani, ko ƙafarka ta taka, ko hotunan saman da aka ba da izini kamar na Bing da Esri, su ne halal.

Tunda kowa na iya gyara ta, kowa na iya ɓata ta. Mafi yawan ɓarnar kuskure ce. A 2020, masu wasan tuƙin jirgin sama na Microsoft suka ci karo da wani siririn bene mai hawa 212 tsaye a wata unguwa a birnin Melbourne na Ostareliya, saboda wani ɗalibi ya so rubuta 2 hannunsa ya zame. An riga an gyara kuskuren a taswirar, amma kamfanin ya ɗebi bayanan tun kafin gyaran. Wata ɓarnar kuma da gangan ce: a Agustan 2018 wani ya sauya sunan birnin New York zuwa kalmar cin mutuncin Yahudawa. Masu sa ido suka mayar da sunan cikin sa'o'i, amma gurɓataccen kwafin ya bi ta hannun wani kamfanin taswira ya ɓulla a Snapchat da wasu manhajoji bayan kusan mako uku. Ku lura, a duka biyun gayyar ta gyara kanta. Waɗanda suka ji kunya su ne masu ɗiba ba dubawa. In manyan kamfanoni sun faɗa wannan ramin, kai da ke aiki kai kaɗai sai ka yi hattara. Riƙe kwafin da ka tantance. Duk lokacin da za ka sabunta, kwatanta sabo da tsoho ka ga abin da ya sauya a yankinka. Garinmu bai kai girman da hakan zai gagara ba. Rubuta wa mai amfani ranar da aka ɗebo bayanan. Kada kuma ka ɗaure rumbunka da lambar shaidar da taswirar ta ba wani wuri kamar ba za ta taɓa sauyawa ba, domin shagon da yau ɗigo ne, gobe wani zai share ɗigon ya zana ginin, lambar ta tafi.

Inda na fi son ku daɗe kuna tunani shi ne suna. Garin nan da kansa misali ne. Ana cewa da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, ya iso wurin, umarni ya ba jama'arsa su kwantar da gorunansu a yada zango, daga nan sunan ya fito. Bakinmu yana cewa Kwantagora, takarda tana cewa Kontagora, tun zamanin Turawan da suka ci garin a 1901. Wanda zai yi bincike a manhajarka yana iya rubuta ko wanne. Tungan Wawa wani zai haɗe ta kalma ɗaya, wani ya raba. Tungan Kawo akwai ta a nan, akwai kuma wata a ƙasar Wushishi inda madatsar ruwa take. Sabon Gari da Tudun Wada kuwa, in ka tambayi na'urar bincike ba ka killace mata yanki ba, tana iya kai ka Zariya ko Kano ko Kaduna, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ga matsalar haruffa masu ƙugiya: taswira ta rubuta ƙofa, mai waya ya rubuta kofa, kwamfuta kuma a wurinta waɗannan kalmomi biyu ne da ba su haɗa komai ba sai in kai ka koya mata ta daidaita su kafin ta kwatanta.

Tsarin taswirar ya tanadi wuri ga duk wannan, mu ne ba mu cike ba. Akwai gurbin sunan da ke jikin allo, akwai na wani sunan daban da ake kira, akwai na tsohon suna, akwai name:ha na Hausa. Ƙa'idarsu ita ce abin da ke ƙasa shi ne gaskiya. Titin da gwamnati ta raɗa wa sunan wani babba, amma duk mai Keke Napep da sunan tsohon gidan mai ya san shi, sunayen biyu duk suna da gurbi. Wannan ilimi ne da babu tauraron ɗan'adam da zai hango shi. Yana bakin tsofaffi da direbobi da masu tallar abinci.

Kada kuma ku kwaikwayi akwatin adireshi na Turai, mai neman lambar gida da sunan titi da lambar gidan waya. Mu da kwatance muke rayuwa: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, gida mai baƙin get kusa da mai shayi. Ba wa mutum dama ya dangwala alama a taswira, ya rubuta kwatancensa da bakinsa, ya bar lambar waya. GPS na waya yakan kauce da 'yan mitoci, a cikin rumfunan kasuwa ƙarƙashin kwano ma ya fi haka, kuma 'yan mitoci a lungu gidan maƙwabci ne.

Na'urorin lissafa hanya, irin su OSRM da GraphHopper da Valhalla, suna aiki da waɗannan bayanan, kuma za su ba ka hanya mafi kusa cikin ƙiftawar ido. Ba su san damina ba sai in wani ya rubuta cewa hanyar ta ƙasa ce, ko ana ratsa rafi. Ba su san wace hanya ce ba a bi bayan la'asar ba. A yankin da ya ga satar ɗalibai a Kagara da Tegina a 2021, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Manhajar da za ta tura baƙo ta cikin daji don ta rage masa kilomita goma, gara babu ita. In za ka nuna hanya a wajen gari, taƙaita ta ga manyan tituna, ka kuma gaya wa mutum ƙarara ya tambayi direbobin tasha kafin ya kama hanya.

An sha ce mini zana taswira taimaka wa ɓarayin daji ne. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Sun fi kowace taswira sanin dajin, kuma titi da kasuwa ba sirri ba ne. Abin da ke da haɗari shi ne bayanin mutane: gidan wane, mai shanu nawa, wa ke tafiya yaushe, ina masu tsaron unguwa ke kwana. Shago mai allo so yake a same shi. Gidan mutum kuwa bai roƙe ka ba. Kada sunan mai gida ko lambar wayarsa su shiga taswirar jama'a, domin abin da ya shiga yana zama cikin tarihinta ko an goge. Wanda ke cikin rumbunka ma ka tsare shi, ka karɓi iya abin da aikin ke buƙata; tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, amma ko babu doka ai akwai Allah. Barikin soja da shingayen jami'an tsaro kuwa, ku bar su yadda kuka same su. Sannan kafin ku fara yawo a unguwa kuna ɗaga waya kuna danne-danne, ku je ku gaida mai unguwa ku yi masa bayani. A wannan zamani saurayin da ba a sani ba yana ɗaukar hoton lunguna, sunan infoma za a ba shi kafin ya buɗe baki.

Na dawo kan tambayar ɗan yayata, wane ofishi zai rubuta wa. Na ce masa ya buɗe shafin taswirar, ya yi rajista, ya danna wurin gyara. Editan da ke cikin burauza, iD, yana da darasin da ba ya cin sa'a guda. A waya akwai StreetComplete, mai yi maka tambayoyi ƙanana kana tafe, wannan titin kwalta ne ko ƙasa, wannan shagon ƙarfe nawa yake buɗewa. Akwai Every Door da Vespucci. In hannu ya faɗa sai a koma JOSM a kwamfuta. Na gargaɗe shi kada zumuɗi ya sa ya juye dubban bayanai lokaci guda daga wani fayil da ya tsinta, domin irin wannan sai an shawarci jama'ar taswirar tukuna. Ya riƙa rubuta ɗan bayani a kan kowane gyara, in wani ya yi masa tambaya ko gyara ya amsa da ladabi, ko da Turancinsa bai nuna ba. Hoton sama kuma yakan tsufa, yakan ɗan goce daga inda abu yake, don haka in hoto da ido suka saɓa, ido ne gaba. Wannan ba sadaka kaɗai ba ce, har da riba: duk layin da ya sa wa suna, manhajarsa ce ta fara cin moriyarsa, kuma sunan da ya tara a can shaida ce da kowa zai iya dubawa ranar da zai nemi aiki wurin masu harkar lafiya ko safiyo ko agaji.

Ranar wata Asabar suka fita shi da abokansa biyu, bayan sun kai gaisuwa. Mai unguwar ya haɗa su da wani dattijo da aka haifa a wurin, wanda ya ba su suna uku na layi ɗaya, ya kuma faɗi dalilin kowanne, har da na wata bishiyar tsamiya da aka sare tun yaran ba su zo duniya ba. Da yamma suka zauna suka shigar, ba a jima ba sunayen suka fara fitowa a taswirar duniya. Washegari ya koma ya nuna wa dattijon a waya. Tsohon ya karɓa, ya nisanta ta da idonsa, ya bi layin da ɗan yatsa har ƙarshe, sannan ya tambaya ina rijiyar da ke bayan masallaci. Ba su sa ta ba. Ya miƙa masa wayar, ya ce su tashi ya nuna musu.